Sunayen Ciwon a Kasuwar Gadarif

Ni mai awon riɗi ne a Gadarif,
shekara talatin hannuna a bakin buhu.
Ban yi boko ba, rediyo ne ya sa ni makaranta.

Da fari suka ce "tafiyar hawainiya."
Na ce to, hawainiya ai tana isa, ko ta daɗe.
A makon nan Sittana mai shayi
ta rage cokali guda na sukari.
Ba ta gaya wa kowa ba, harshe ne ya tona ta.

Sai suka ce "masassara."
Baba Shu'aibu ya ajiye kofinsa, da gaskensa:
"Ina aka kwantar da tattalin arzikin, mu je dubiya?"
Muka yi dariya har da tari.
Lokacin muna da rarar dariya.

"Hauhawa," in ji su.
Amma burodin Mahjub sauka yake yi,
kullum sai ya ƙanƙance,
yau ya zama tafin hannun jariri.

"Darajar fam ta faɗi."
Abin da ya faɗi, a sanina, sunkuyawa ake a ɗauka.
Na ga takardar kuɗi kwance bakin rumfa,
ɗan dako ya dube ta, ya tsallake.

"Durƙushewa" ita ce ta fi ba ni haushi.
Raƙumi yakan durƙusa a ɗora masa kaya,
ya yi gunaguni, ya miƙe.
Wannan namu tun bara yake ƙasa,
kuma ba a fasa lodi ba.

Da aka ce a tsuke bakin aljihu,
Tijjani tela ya ce a kawo, kyauta zai ɗinke,
tunda ba abin da zai fita.

Mu a nan ba mu da dogayen kalmomi.
Ka ce, "Ina kasuwa?" a ce, "Ana lallaɓawa."
In ka ji "sai godiya," an ja ƙarshenta,
kada ka ƙara tambaya.
Ummulhairi kuwa ba ta cewa komai,
ƙaramar tukunya ta sauko da ita daga saman kwabet,
ta kife babbar.

Jiya autarmu tana aikin makaranta a ƙofar ɗaki,
ta ce, "Baba, mece ce taɓarɓarewa?"
Na buɗe baki.
Sai na tuna yayanta, wata bakwai a ramin zinariya,
ko waya babu.
Na ce, "Rubuta dai da kyau,
ki matse layin, littafin ya kai mu kaka."