Kwanon Tsahara

Takarda ta zo cikin kayen Tsahara,
an ninke ta huɗu, rubutun jan biro.
Ni ban yi lakwal ba, ita ta karanta mini
tana bin layi da ɗan yatsa:
Madam Uwani tana gaisuwa,
ta ce daga Litinin, duk abin da gujiya ta taɓa
kada ya ƙetare ƙofar aji.

Na yi dariya har ɗankwalina ya zame.
Gujiya? A gidan nan?
Ni da nake murzar tunkuza tun kiran assalatu,
in matse mai kwalba shida
kafin rana ta hau duwatsun Birni?
Ni da kuɗin ƙuli ya ɗinka rigar da ke jikinta?
Ai an ce wa kifi ya yi nesa da ruwa ke nan.

Ta ce, Inna, Mutari ne.
Bencinmu ɗaya.
Ran Alhamis ya gutsuri kilishin wani,
leɓe ya kumbura, ido ya shige,
numfashi na fita kamar ana busa kara.
Kabu-kabu ya kai shi asibiti.
Takalminsa ɗaya yana nan ƙarƙashin benci.

Takalmin nan ne ya kashe mini dariya.

Daren Lahadi na haska tocila a madafa
ina neman ɓarawo cikin kayana.
Yaji: da ƙuli aka daka shi.
Kwaɗon zogale, kada ma a fara.
Ƙosai, to da wane mai?
Turmin nan ya sha gujiya shekara goma sha biyu,
ko an kankare shi ba zai tuba ba.
Muciya ta sani, ludayi ya sani,
matankaɗi ma ba shi da gaskiya.
Sai na dubi hannuna.

Na sayo ƴar tukunya a Kasuwar Dole,
sabuwa fil, da cokalinta,
na rataye su can bayan rumfa kamar baƙi masu kunya.
Ruwa kuwa, kun san Damagaram:
jarka guda sai ka roƙi mai kura kamar suruki.
Duk da haka sau uku nake wanke hannu,
sabulu har gwiwar hannu, tsinke ƙarƙashin farce,
ina kallon dala biyar-biyar suna bin rariya.

Wake da shinkafa.
Man shanu cokali ɗaya, daga Bafulatanar Mirya.
Barkono zalla da gishiri, niƙan dutse.
Dabino uku a leda, goruba in an samu.
In rufe kwano, in ɗaure da ƙyalle wankakke,
in ce bismilla sau biyu:
ɗaya don tawa, ɗaya don na wata.

Maigida ya ce, wai ɗan wane ne ma?
Na ce ban sani ba.
Tsahara ta ce abincin lami,
ta yi fushi kwana biyu,
rana ta uku kwano ya dawo a suɗe.
Ta ce hannu biyu ne suka shiga.

Jiya da la'asar ina bakin tire
wata mata ta tsaya nesa, kamar taki huɗu,
mayafi shuɗi, jaka a hammata.
Ba ta tambayi kuɗin ƙuli ba.
Ta ce, ke ce uwar Tsahara?
Na miƙe, na goge tafi a zane, na miƙa.
Ta dubi hannun, ta dubi idona,
ta dafa ƙirjinta da hannu biyu.

Na janye nawa.
Muka gaisa haka nan, tire a tsakani,
har muka tambayi lafiyar awaki.