Rara

Ƙarfe bakwai nake buɗe rajista,
kafin mai shara ya gama da baranda.
Shuɗiyar tawada ta waɗanda aka ba gado ce,
ja ta masu fita ta ƙofar baya.
Jiya an kwantar da tara, shekaranjiya shida.
Ɗaya ya sulale da dare, allurar ruwa na hannunsa,
har yau ban san launin da zan ba shi ba.

Kafin azahar in buga wa Yamai:
"Tawa ce. Sababbi tara, biyu kan iska, rasuwa ɗaya."
Muryar can ta ce, "An karɓa,"
kamar canjin cefane na miƙa mata.

Da la'asar hanyata ta kasuwa ce,
ta gaban rumfar Arzika mai farin yadi.
Bai san bihim ba,
amma ba ya yar da kwalin bandir in ya ƙare,
jingine su yake bayan buhun gishiri.
Ya ce, "Malama, bara warhaka huɗu ne.
Ƙirga da kanki."
Na ƙirga. Goma sha ɗaya.
Ya ce, "Ciniki ne, amma ba na iya cin tuwonsa."

Nomau mai haƙa ya ce sau biyu
maƙeri ya yi wa daginsa baki bana.
Layin da ya saba tsayawa gindin aduwa
ya wuce ta, ya doshi katanga.
Tsofaffi ne, in ji shi. Tari, zazzaɓi, kwana biyar.
A ce hawan jini, a ce sanyi ya kama ƙirji,
a ce kwana ya ƙare. Wa zai musa?

Na ɗebe nawa daga nasu a bayan takardar magani.
Abin da ya saura mutane ne.
Masu ilimin abin suna ce masa rarar mutuwa.
Rara!
Sai ka ce gyaran da mai awon gero
ke ƙara miki a bakin tiya.

A gida Gwaggo Tsahara ta manna waya a kunne.
Ɗanta ne daga Abija, shi ma turo masa aka yi,
wanda ya turo masa bai san mai muryar ba:
wai allurar na tsayar da haihuwa,
wai wanda aka yi wa, shekara biyu ta rage masa,
wai ƙarfe na manne wa a gurbinta.
Na ce, "Gwaggo, shekarunki saba'in,
wace haihuwa kike wa tanadi?"
Na naɗe hannun riga, na ɗora dala biyar.
Ta faɗi, ta gangara ƙarƙashin randa.
Ta ce, "Ku na gwamnati, ruwa ake zuba muku."

Mutanen da sun ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
Su zo bayan aduwar Nomau
in nuna masu 'ya'yan, jere.

Babu gurbin wannan a takardar Yamai,
sai na buɗe shafin ƙarshe da fensir:
Maidaji mai gyaran rediyo, Bilbis.
Dubu mai cuku, wadda ke bina jaka guda.
Ladanin da muryarsa ta dushe ran Talata,
ran Asabar wani yaro ya kira asuba.
Talatin da huɗu, ban da na ƙauye.

Daren jiya na ji tari ta bayan labule.
Sana'a ba ta barci: na ƙirga, sha bakwai.
Da safe ta ce fura ce ta sarƙe ta.
Tana ɗaura kallabi, ba ta dube ni ba,
ta ce, "Abin nan naku, da zafi?"
Na ce, "Cizon cinnaka."
Ta ce, "To, sai na yi shawara da Abija."

Ƙarfe bakwai na buɗe rajista.
A shafin fensir akwai layi ɗaya fari,
na ɗora babban yatsana a kansa
na danne.