Jan Zare a Kan Tudu

Ni ne direban katafila mai lamba tara
a tudun haƙar nikel, kudu da Numeya.
Ƙasar nan ja ce kamar hanta,
duk yawan sabulu ba ta barin farce.

Ran Talata Doriane ta hau da jan zare,
ta bi su ɗaya-ɗaya tana ɗaurawa.
Sha bakwai, ta ce, a duk duniya.
Na ce ƙila ba ki leƙa bayan dutse ba.
Ta ce shekara shida take leƙawa.

Ba wani abin kallo ba ne.
Tsayinsa bai kai ƙuguna ba,
ganye da kaushi kamar tafin masunci,
fure fari mai jan baki, kai a sunkuye
kamar yaron da aka kama da laifi.
An kai ɗaya lambu a birni, baƙar ƙasa mai taki.
Ya ƙi. Wata biyu ya bushe.
Ƙasar da ke kashe doya da rogo,
ita kaɗai yake so.

Kakata Wenemwa tana da sunansa a harshenmu,
sunan da babu shi a littafin Doriane.
Takan soka ɗaya a gashi in za ta coci.
Kwana uku ina laluben sunan nan,
ya tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙaya.

Albashin tudun nan ya yi mana rufin kwano,
shi ke biyan makarantar Sinewe.
Gaba kura, baya sayaki.

Jiya na karkata kan motar.
Na zagaye su, na yanke ƙasa hagu da dama,
har suka zama tsibiri a cikin tsibiri,
faɗinsa bai wuce ɗakin kwanana ba.
Shugaban aiki ya dubi taswira, ya dube ni,
ya ce wata mai zuwa layin zai miƙe.

Da yamma ƙura ta rufe furannin,
farin ya koma ja duka.
Na kwance gorar ruwana, na wanke uku.
Ruwan ya ƙare.

Doriane ta sauka da iri goma sha ɗaya
a ambulan, cikin aljihun ƙirjinta,
tana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.
Ban tambaye ta inda za ta shuka su ba.
Tekun na can ƙasa, ta kowace fuska.