Yaron Zaure

A Slough, ƙarfe uku na dare,
ruwa na tsiyaya a kan rufin ma'aikata,
ni da kofin shayin da ya huce
muna gadin wani zaure marar tabarma.

Na'urar nan ba ta jin hirar kowa.
Aikinta na yaron da ake turawa cikin gida ne:
"Wai ana sallama da wane."
In mai gida ya fito, sai ta ja gefe,
muryoyi su kama tasu hanyar.

Kowace sallama da guzurinta take tahowa,
taku saba'in, ba ƙari.
Duk zauren da ta ratsa ya zare ɗaya,
ya rubuta sunansa a goshinta
don amsa ta gane hanyar komowa.
Wadda ta yi ta kewaye har guzuri ya ƙare,
nan za ta kwanta, ba mai zaman makoki.

Gethin ya leƙo da biskit a baki:
"Ga mutuminka ya dawo."
Ɓarawo ne marar fuska,
yana taɓa ƙofofi ɗai-ɗai,
ɗari, ɗari da ɗaya, ɗari da biyu,
ko ya dace da wadda aka bari a sakaye
ya sha hira da ƙasashen waje
a aljihun wani likitan haƙori.
Muka nemi kalmar sirri, ya kawo ta bara.
Na toshe unguwar da ya ɓullo
gaba ɗayanta, har da lunguna.
Har wani miƙa na yi.

Da asuba na bi sawun waɗanda aka kora.
Can ƙasa, layi na dubu huɗu da wani abu,
ga lamba daga Gumel, ta biyo hanyar arha,
hannun dillalai uku, sun goge mata rabin suna.
Sau goma sha ɗaya tana neman layina.

Na fita wajen ajiye motoci na kira.
"Tanimu," in ji Iya Dije, "lafiya dai?
Na yi ta sallama, shiru.
Da ma jar akuyar nan ce ta haihu, biyu."
"Ba ni ba ne, Iya, na'ura ce."
"To ka gaya mata ni ce."

Na koma kujerata da jiƙaƙƙiyar riga.
Dokoki ɗari uku ne a allon,
ina ta neman gurbin da zan rubuta: ita ce.