Ɓera Na Goma Sha Bakwai

A Szeged, can ƙarƙashin bene,
inda taga ba ta hango kogin Tisza,
nake wuni da agogon awo a wuya.
Ɓeraye talatin, farare fat, jajayen idanu.
Boglárka ta raba su gida uku:
goma na samun ƙwayar sukari duk sanda suka bi lungun daidai,
goma sai in an ga dama,
goman ƙarshe sai sun jira har kwaɗayin ya huce.

Ni nawa ɗaga ƙyaure, danna agogo,
rubuta daƙiƙoƙi a takarda mai warin dusa.
Kwana arba'in.
Ƙanƙara ta sauka, ta narke, ta sake sauka.

Daren ƙarshe ta zauna gaban kwamfuta,
shayinta ya yi sanyi ba ta kurɓa ba.
Ta ce, Zsombor, matsakaici ba ya rantsuwa.
Sha biyu, sha biyar, ashirin da ɗaya:
ido ya ga tazara,
amma ko 'yan ɗaki ɗaya ba sa farkawa tare.
Sai mun auna nisan gida da gida,
mu raba shi da hayaniyar da ke cikin kowane gida.
In na sama ya danne na ƙasa, akwai magana.
In bai danne ba, iska ce ta kaɗa ganye.

Ta danna. Huɗu da ɗigo shida.
Da duk ɗaya suke, in ji ta,
sau biyu kacal cikin ɗari za a ga irin wannan.
Ta saki numfashi, ta cire tabarau.
Wane gida ya fi wane? Wannan sai gobe,
lambar ba ta faɗa ba.

Ni kuwa na tuna na goma sha bakwai,
mai yagaggen kunne, ɗan gida na biyu.
Ya san hanya sarai,
amma kullum a kwana ta uku sai ya tsaya,
ya wanke fuska da hannu bibbiyu,
agogo na ci, shi ko a jikinsa.

Na tambaya ina yake cikin lissafin.
Ta nuna ƙasan layi,
gurbin da aka rubuta wa kuskure.

Kafin in kashe fitila na buɗe kejinsa,
na miƙa masa sukari a tafin hannu.
Ya shinshina.
Ya fara wanke fuska.