Kwandon Ƙyallaye

Dusar ƙanƙara ta toshe hanyar coci tun ran Talata,
jirgin wasiƙu bai taso daga ƙetare ba,
teku ta yi launin tsohuwar tasa.
Na ce da kaina: Orpha, yau kam uzuri ya ƙare,
jawo kwandon nan daga ƙarƙashin gado.

Na zazzage shi a kan teburin girki.
Niyyata mai sauƙi ce:
shuɗi wajen shuɗi, ja wajen ja,
wanda bai kai tafin hannu ba ya tafi murhu.
Aikin awa guda, in ji ni,
kafin butar shayi ta huce.

Sai ga hannun rigar Lemuel.
Shuɗin ya koɗe a gwiwar hannu,
daidai inda yake dogarawa a bakin kwale-kwale
in yana jan igiyar koma.
Na kai shi hanci, kamar wata sakarai.
Shekara goma sha tara, me zai rage?
Ba ƙarnin kifi, ba taba, ba gishiri,
warin ajiya kawai.

Ga rawaya mai ɗigo-ɗigo, labulen gidanmu na fari
a ƙaramin tsibirin da kowa ya tashi ya bari.
An ce rufin ma ya zauna,
tsuntsayen teku ne masu gida yanzu.
Taga ta tafi, labule ya saura.
Wa ya zaci zare zai fi katako tsawon rai?

Jan nan na Thora ne, rigar shiga makaranta.
Dare biyu na yi a kanta,
ta saka tana kuka wai wuyan yana cizon ta.
Yanzu tana can Alberta, takan kira ran Lahadi:
"Mama, ki zubar da tsummokaran nan,
zan aiko miki da sabon yadi."
Sabon yadi bai san kowa ba, 'yar nan.
Ba na faɗa mata haka. Cewa nake, to.

Wanda ya tsayar da ni cak shi ne koren.
Kore mai ƙananan furanni farare.
Almakashina ne ya yanka shi, na san karkatar hannuna,
amma rigar wa? Wace shekara?
Na juya shi gaba, na juya shi baya.
Da Maisie Pardy na nan
da ta faɗa kafin in rufe baki,
ita da ko maɓalli ba ta mantawa.
Bara muka raka ta bayan coci,
bargon da muka haɗa tare yana lulluɓe da akwatinta.

Yinin hunturu a Newfoundland guntu ne, shi ma ƙyalle.
Ƙarfe huɗu na kunna fitila,
na dubi teburin:
ashe tuni na bar bin launi.
Tuli biyu na yi ban sani ba,
masu rai a hagu,
waɗanda suka riga mu a dama,
na daman har yana zubowa ƙasa.

Na sa hannu biyu na cakuɗa su.
Ba dai a bargona za a raba su ba.

Murhu bai samu ko ɗaya ba, itace ya ci.
Shayi ya yi sanyi, na sha shi a haka.
Zura zare yanzu yaƙi ne:
sau bakwai ina lasar bakinsa,
kafar allura tana wasan ɓuya da tabarau.
A na takwas ya shige.

Na ɗauki koren nan marar suna,
na jera shi jikin hannun rigar Lemuel.
Shi mutum ne mai son baƙo,
ba zai tambaye shi daga ina ba.
Da can ɗinki takwas nake yi a inci guda,
yanzu shida, su ma a karkace.
Sannu ba ta hana zuwa, an ce,
ba a dai faɗi ko ina ne za a je ba.

A waje iska tana ta jijjiga ƙofar rumfar kifi.
Ban tashi na rufe ba.
Gobe, in hanya ba ta buɗe ba,
jan Thora zai biyo.