Gawa Sau Biyu

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan da mutuwata ta fari,
a bayan Fagge, cikin buhun gyaɗa.
Sule uku aka biya ni, da malmalar tuwo.
Aka ce, Barau, riƙe numfashi, kada ka motsa.
Ban furta ko kalma ba har fim ya ƙare,
amma da babban yatsana ya leƙo ta ɓular buhu
sai da mutane suka faɗo daga bencin silima don dariya.

Labarin ba shi da wuya.
Ɗan kamasho ya ture mai binsa bashi,
tsautsayi ya haɗa ƙeya da ƙarfen sikeli.
Ya ɗinke shi a buhu, ya kai dala,
ya kwana yana lalube, wanne ne nasa cikin dubu,
jirgin Ikko yana huci a tasha.

Bana sai ga wani yaro, Cindo, hula a karkace,
ya yi sallama a zaurenmu na Yakasai.
Wai za su tashi tsohon labari,
duk Lahadi bayan isha'i, kashi ashirin da shida.
Na ce, abin da muka binne cikin awa ɗaya da rabi,
da me za ku ja shi wata shida?
Ya ce, Baba, yanzu babu dala.
Firiza ce.

To, ga ni a firizar Tanimu mai ƙanƙara,
tsakanin jarkar zoɓo da ƙullin kunun aya,
an barbaɗa mini fulawa a gira.
Dubu arba'in nake binsa.
Ranar da ya rufe ni aka ɗauke wuta,
ya saya wa janareto mai, ya sake saya,
ya sayar da babur, ya jinginar da filin gado.
A kashi na tara ya zauna da biro yana hawaye:
da ya biya ni, da ya huta sau goma sha bakwai.

Duk unguwa shi kaɗai ke da sanyi.
Sajan Ladidi, mai neman gawar,
kullum sai ta tsaya shan zoɓo,
ta jingina da murfina tana jera masa waɗanda take zargi.
Da layya ta zo, maƙwabta suka yi layi da cinyoyin rago:
don Allah a ajiye mana.

Kano na dariya.
Ni ma ina yi, a ciki, ba sauti.

Sau uku ana tsayar da aiki don gawa tana minshari.
Ran nan kuwa an ce a tashi, ban tashi da wuri ba.
Na ji ɗakin ya yi tsit,
na ji sanyin madubi a ƙarƙashin hancina,
na ji Cindo yana raɗa, muryarsa na rawa:
saura kashi goma sha ɗaya fa.

A gida, wata tsohuwa ta taso tun daga Gwammaja
ta yi wa Asabe gaisuwa, ta ajiye kwanon gero.
Asabe ta ce amin.
Ba ta mai da geron ba.

Da dare nakan ƙirga mutanen wancan fim.
Ɗan kamashon, da mai ɗinkin buhu,
da mai ɗaukar hoto da ya ce kada in motsa,
duk suna kwance a Ɗandolo, sun iya abin fiye da ni.
Gawar ce kaɗai ta rage tana shan shayi.

Gobe ƙarfe bakwai mota za ta zo.
Zan nannaɗe rawani, in ɗauki maganin tari,
in je in mutu, a biya ni ta waya.
Ta ukun ce ba a biya,
ba a kuma cewa a sake ɗauka.